Ƙarar Akwatin Babanki

Assalamu alaikum, ɗiyata Uwani.

Ina gaishe ki da kyau. Allah Ya kai ki Yamai lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a biro, ofishin da za ki fara aiki. Kin san ba na iya zaunar da ke in yi miki doguwar magana. Ke ce ɗiyata ta fari, ga kuma sunan uwar mijina a kanki, in na buɗe baki a gabanki sai maganar ta koma ciki. Shi ya sa na nemi takarda. Ban yi nisa a karatun lekol ba, inda kika ga rubutu ya karkace ki miƙe shi a ranki.

A shagon Malam Habu na gane abin da ya same mu, abokin babanki mai gyaran rediyo da injuna a bakin kasuwa. Na je masa da akwatin odinatar babanki, injin nan da mutanen Kano ke ce wa kwamfuta, na naɗe shi da zane na ɗora a ka. Gilashin da ake kallo na bar shi a gida na rufe ɗaki, hankalina kwance, don a tunanina hotuna a cikin gilashi suke, akwatin kuwa inji ne kawai mai tura su. Malam Habu ya kwance gefen akwatin, toka ta zubo masa a kan tebur. Ya share ta da gefen hannu. Ya ciro wani ƙarfe mai faɗi, bai wuce sabulun wanki ba, ya jona shi da wani injin, ya kara a kunnensa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo hannu ya kara a nawa kunnen. Na ji ƙarar da na riga na sani: ƙyat, ƙyat, ƙyat, ta tsaya, ta sake.

Na ce masa in ƙarfen ne ya lalace a jefar da shi a sa wani, ai hotunan suna gida.

Ya ce, "Maman Uwani, gilashi ba ya riƙe komai, taga ce kawai. Maigidanki da ɗiyarki Safiya a cikin wannan suke."

Na zauna a ƙasa cikin tarin wayoyinsa. Na tuna yadda nake goge gilashin nan kowace safiya da bakin zanena, da yadda nake marin akwatin in ya dame ni.

Kin san abin da ya faru, amma guntu-guntu. Kina Maradi wajen gwaggonki kina koyon buga takardu lokacin. Da kika dawo na ce miki injin ya mutu, kika shiga ɗaki kika fito da jan ido, ba ki tambaye ni komai ba. Na gode miki da wannan. Amma yanzu za ki zauna gaban irinsa kullum, da kayan mutane a ciki, wata rana da naki. Ba ni da abin da zan ɗaure miki a bakin zane sai abin da kunnena ya koya, kuma ya koya ne a makare.

Babanki ya yi shekaru yana ɗaukar mutanen Damagaram hoto, na katin ɗan ƙasa, na shiga lekol, na suna da biki. Kowa ya wanke masa nasa a takarda ya tafi da shi. Namu kuwa kullum sai gobe. In na yi magana ya yi dariya ya ce takarda ta masu zuwa shago ce, mu ina za mu je, ba ga mu tare ba? Haka muka zauna a gidan mai hoto, babu hoto ko ɗaya a bangonmu. Sai shekarun farin nan suka shigo. Ruwa ya ɗauke, gero na tsaye, mutanen ƙauye suka cika lungunan Birni da ƙwarya a hannu, wa zai zo ɗaukar hoto? Ƙanwarki Safiya ce ta fara rasuwa, da zazzaɓi da gudawa, tana 'yar ƙaramarta. Babanki bai ga wata damina ba bayanta. Aka rufe shago aka kawo mini injin gida. Duk abin da ya rage mini na fuskokinsu yana ciki, har da ɗan hoton nan mai motsi, Safiya ta zura ƙafa a takalmansa ranar salla tana jan su a tsakar gida, shi kuma ba a ganinsa, sai muryarsa yana cewa, "A hankali, Hajiya, kar ki faɗi." Babu wani wuri a duniya da muryar nan take sai can.

Kuskurena na farko ba na ƙara ba ne. Ina cikin takaba Malam Habu ya aiko matarsa ta ce mini in na fita in ba da injin, ya kwafe hotunan a faifai ya kawo mini, don waɗannan abubuwa ba su da tabbas. Na ce mata to, a raina kuwa na san ba zan bayar ba. A cikin hotunan akwai ni ba ɗankwali, rabin kaina a tsefe. Akwai ni ina cin tuwo da baki a buɗe. Akwai wanda babanki ya ɗauke ni ina barcin rana a tabarma, ya riƙa tsokanata da shi. Na ce abokin mijina ne zai zauna ya ga wannan? Da ya ji shiru ya gane dalili, matar ta dawo ta ce ya ce ba sai ya buɗe ba, kwafewa kawai zai yi. Na ce a bari sai hankalina ya kwanta. Ke ma kafin ki tafi Maradi kin yi mini maganar, na ce miki ki bar ni da abin da ke damuna.

Da kunya na rene ki, kuma ba na ce ki yar da ita ba. Amma in wanda ya san aiki ya ce miki ki ajiye abu a wuri biyu, ki ajiye a ranar, kada ki jira hankalinki ya kwanta. Nawa bai kwanta ba har yau. Da Malam Habu ya ga kaina a tsefe, da yanzu ya manta, ni kuwa ina da 'yata.

Ke kika koya mini kunna shi. Ki danna nan, ki jira, ki ja ɗan abin hannun nan zuwa can. Na riƙe. Abin da ban riƙe ba shi ne muryar injin lokacin yana lafiya. Yanzu da na zauna ina tunani, na san in an kunna yakan yi ɗan kuka gajere sau ɗaya, ɗit, sannan ya shiga gunji mara ƙarfi kamar zuma a nesa. Amma a lokacin idona na kan gilashi, ina jiran fuska ta fito. Da muryar ta fara canjawa ban san daga ina ta canja ba. Ranar da aka nuna miki injinki a biro, kafin ki taɓa komai, ki kunna ki yi shiru ki saurara. Ki san shi tun yana lafiya, kamar yadda uwa ke sanin numfashin jaririnta.

Kin san mu matan Birni, abin da muke so rufe shi muke yi. Kwalla da langa da rediyo, kowanne da rigarsa. Na zauna cikin takaba ba abin yi, na ɗauko ragowar yadin babbar rigar babanki na ɗinka wa akwatin riga, na yi mata ado da zare a baki. Na auna ta daidai jikinsa, ta rufe gaba da baya da gefe, na bar 'yar kafa inda ake dannawa da inda wayoyi ke fita. Na kuma tura shi cikin lungu tsakanin gado da bango, don kada yaran maƙwabta su taɓa. Na ga ya yi kyau. Na ji kamar na yi wa babanki wani abu.

Bazara ta shigo, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Sai injin ya fara gurnani. Yakan soma a hankali, ya yi ta hawa, kamar motar kaya a kan tudu. In na ɗora hannu a kan rigar sai in ji ɗumi. Na ce ai aiki yake yi, injin niƙa ma in an zuba masa gero ƙararsa na ƙaruwa. Wani lokaci ya ɗauke da kansa ina tsakiyar kallo, in ɗora laifin a kan kuran, tunda wutar lantarkin garin nan dama zuwa take ta koma. Ashe ramukan nan na jikinsa hancinsa ne. Akwai 'yan fankoki a ciki masu jawo iska su fitar da zafi, ni kuwa na toshe su da ɗinkina. Gurnanin nan iska yake nema. In kika ji naki yana wannan hawan, ki duba bayansa da gefensa. Ki janye shi daga bango, ki ɗauke duk abin da aka ɗora masa, ko da takardun shugabanki ne. In bai sauka ba ki kashe shi ya huta, ki kira mai gyara ya buɗe ya hure cikinsa. Kada ki ɗinka masa komai.

Daga baya wata ƙarar ta shigo a kan waccan, kar-kar-kar, kamar yaro ya sa kara a ƙafar keke. Wannan ta hana ni jin muryar babanki, ita ce ta ba ni haushi. Rediyon gidanmu in ta yi gardama marinta ake yi ta dawo hanya, haka na taso na gani. Na mari akwatin a gefe. Ya yi shiru. Na ji daɗi har na yi murmushi ni kaɗai. Bayan kwanaki ta dawo, na sake mari. Abin ya zama al'ada, har hannuna ya san wurin. Wata rana marin bai yi ba, na ɗaga gefe guda na sake shi a ƙasa, kuma yana kunne.

Da Malam Habu ya buɗe, ya nuna mini abin da ke wannan ƙarar. Wata 'yar waya ce ta saki tana taɓa fanka. Ya ture ta da ɗan yatsa, shi ke nan gyaranta. Amma ƙarfen hotunan, wanda suke ce wa diski, a cikinsa akwai faifai mai juyawa da gudu da wata 'yar allura mai shawagi a kansa ba ta taɓawa. Kowane mari, allurar na iya sauka ta karce. A daidai wurin da yake ɗaure nake mari, Uwani. Hannuna ya sha sauka a kan fuskar ƙanwarki ban sani ba.

Kada ki daki abin da ba ki san cikinsa ba. Shirun da yake yi bayan duka ba sauƙi ba ne. In ƙara ta dame ki, ki fara neman inda take fitowa. Malam Habu takarda yake naɗewa kamar bututu, ya sa baki ɗaya a kunne, ya bi da ɗayan jikin akwatin, gaba, baya, sama, ƙasa, har ya sami inda ta fi ƙarfi. Ya ce rabin gyara ke nan. In daga fanka ne abin mai sauƙi ne, ko waya, ko ƙusa ta saki, ko fankar ta tsufa a canja ta.

A cikin wannan hali kakarki Inna ta iso daga Droum a kan amalanken wani maƙwabcinta. Tabarma ce da ita, da ƙwarya, da rariyarta. Rumbu ya zama fanko, awakin sun ƙare. Matar da ta saba aiko mana da damin gero ita ce ta shigo tana sunkuyar da kai. Kwanakin farko tana zaune a gindin bango tana kallon ƙasa. Da na ce ta zo ta ga hotuna ta ce a bar matattu su huta. Amma wata la'asar na kunna hoton nan mai motsi, muryar ɗanta ta fita har tsakar gida. Sai ga ta a bakin ƙofa ba takalmi. Ya ce a hankali kar ki faɗi, ita kuma ta amsa masa, "To, na ji."

Daga ranar, in dai akwai kuran, bayan la'asar sai ta ce, "Kunna mini yaron nan." Kin san ba ta kama sunansa. Mu zauna a tabarma ɗaya, ni da uwar mijina da ban taɓa haɗa ido da ita ba. In hotonki ya fito ta ce ga takwararta mai wuyan zalɓe, wa zai kwashi wannan in ba makaho ba. In nawa na barci ya fito ta ce ashe haka nake sakin baki, shi ya sa ƙudan gidan nan suka yi ƙiba. A shekarar nan kaf, nan ne kawai aka yi dariya a gidanmu.

Sai ƙara ta uku ta zo. Ba ta da ƙarfi kamar sauran. Ƙyat, ƙyat, ƙyat, can ciki, ta tsaya, ta sake. Tare da ita hotuna suka fara nauyin buɗewa. Wani ya fito rabi, daga kai zuwa ƙirji, ƙasan toka-toka babu komai. Wani ya ƙi fitowa sam.

Inna ta ce in yi shiru. Ta durƙusa ta manna kunnenta a jikin akwatin, yadda take yi wa rumbu. Ta ɗago, na ga idonta da rai, abin da ban gani ba tun zuwanta.

Ta ce, "Ƙwari ne. Tun ba a haifi uwarki ba nake jin wannan ƙarar a jikin rumbu. Sun rasa hatsi a gari, sun shigo cin hoto. Ba ki ga daga ƙasa suke farawa ba?"

Na dubi hoton da ya fito rabi, wallahi kamar an ci shi. Na yarda. Ban yarda don tana uwar mijina kawai ba, maganar ta shiga kaina. Kuma ban iya kallon tsohuwar da ta rasa gona da rumbu da ɗa, ta sami abu ɗaya da ta sani, in ce mata a'a.

Muka yi masa abin da ake yi wa hatsi. Muka tuɓe masa riga, muka shanya shi a tsakar gida cikin rana tsaka, muna juya shi gefe-gefe. Inna ta kwashe tokar murhu ta tankaɗe da rariyarta har ta yi laushi kamar gari, ta riƙa barbaɗawa ta kowane rami tana girgiza akwatin don ta shiga lungu-lungu. Na tsinko ganyen dogon yaro muka cusa inda ya shiga. Tana yi tana zagin ƙwarin, tana ce musu marasa kunya masu cin marayu. Da yamma muka mayar da shi muka kunna. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Kar-kar ɗin ma babu. Hoton ya daɗe amma ya fito, babanki ya yi magana. Inna ta dube ni ta ce, "Kin gani? Ku 'yan birni komai sai an kai wa mai gyara." Ƙyat-ƙyat ɗin tana nan, ta ce 'yan saura ne masu taurin rai, toka za ta gama da su.

Shirun nan da muka yi murna da shi, fankokin ne toka ta shaƙe suka tsaya.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas Inna ta ce ba za ta zauna a Birni ana shuka a Droum ba, ko da ba ta da iri za ta roƙa. Ta koma tana ganin ta ceto ɗanta daga ƙwari. Ban riƙe ta a raina ba, ke ma kada ki riƙe ta. Malam Habu ya ce tokar ba ta shiga cikin ƙarfen ba, a rufe yake, zafi kawai ta ƙara masa. Abin da nake so ki ɗauka shi ne wannan. Za ki haɗu da manya a wurin aiki da masauki, masu son ki da gaske, su ba ki maganin abin da babu shi a zamaninsu. Ki ce musu to, ki gode, ki ba su girmansu. Sannan ki fita ki tambayi wanda ya taɓa buɗe cikin abin.

Mafi muni ni kaɗai na yi shi, bayan tafiyarta. Injin ya koma wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya tsaya a baƙin gilashi yana ƙyat-ƙyat. In ya ƙi sai in kashe in sake kunnawa. In sake. In sake. Ina cewa a raina bari dai in ga fuskarta sau ɗaya in kai shi gyara. In ta fito kuma sai in ce ai ya warke. Haka na yi ta yi har ranar da wani farin rubutu na nasara ya fito a baƙin gilashi, bai ƙara wucewa nan ba. Sannan ne na naɗe shi a zane na nufi kasuwa.

Na tambayi Malam Habu, da na kawo shi ranar da na fara jin ƙarar fa? Ya so ya ɓoye mini. Ya ce injin dama ya tsufa, wataƙila ko ba mari ko ba toka ƙarfen zai mutu wata rana. Na ce ba wannan na tambaye shi ba. Sai ya ce da ya kwashe mafi yawansu.

Wannan ita ce ƙarar da nake so ta zauna miki a kunne fiye da kowace. Ba ta da hayaniya. Masu hayaniyar nan duk masu sauƙi ne. In kika ji ƙyat-ƙyat mai tsayawa ta sake, ko wani ƙiii kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, ga aiki ya fara nauyi, to allurar ce ke neman hanya tana rasawa. Kowace kunnawa tana ƙara karce faifan. In injin na tafiya a lokacin, ki kwafe abin da ya fi muhimmanci nan take. In ya ƙi, ki kashe, ki zare waya, kada ki sake gwadawa ko da zuciyarki na ce miki sau ɗaya kawai. Zuciyar nan ce ta cuce ni.

Ban san abin da ya sa ba, ina zaune a ƙasan shagon na ce masa ya faɗa mini sauran ƙararrakin duka. Wataƙila don ban iya tashi ba ne. Shi ma ya ga gara ya ba ni abin saurare, ya jawo kujera ya yi ta bayani. Ya ce in an kunna ya yi ta kuka ɗit-ɗit-ɗit ba hoto a gilashi, magana yake yi, a lura dogo ne ko gajere a faɗa wa mai gyara, sau da yawa wani abu ne ya ɗan ɗaga daga mazauninsa. Ya ce in aka ji siririn fito ko tsartsar daga baya inda wayar kuran ke shiga, balle da warin ƙuna, a zare daga bango kafin a yi komai, kuma kada a buɗe ɗan akwatin wurin ko an kashe, yana riƙe wuta a cikinsa. Ki kiyaye wannan, ke kaɗai nake da ita. Na haddace duka, ni da ba ni da sauran inji.

Game da ƙarfen, ya ce ya ji a manyan garuruwa akwai masu buɗe irinsa a ɗaki na musamman su ciro abin da ya saura. Bai san kowa ba, kuma bai yi mini alkawari ba. Ya ce in dai ba irin waɗannan ba, kada a sake jona shi. Tun ranar yana cikin kwallata, naɗe da rigar Safiya. Yau na ciro shi na sa a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa. Kada ki bari a jefa jakar daga saman mota. In kin zauna kin san gari, ki yi tambaya a hankali. Za ki samu masu karambani a biro su ce kawo mu gwada, kada ki ba su. In kuma an sami mai yi ya ce sai ya ga hotunan, ya gani. Ya ga kaina a tsefe, ya ga bakina a buɗe, ya kira abokansa su gani. In an ce ba ya yiwuwa, kada ki jefar. Ki dawo mini da shi.

Ban sa rai ba, kada ki ɗauki wannan a matsayin nauyi a wuyanki. Na san abin da na ji a kunnena a shagon nan. Abin da ke ba ni tsoro shi ne fuskar Safiya ta fara guje mini. Ina tuna kunnenta, ina tuna wushiryarta, ina tuna yadda gashinta ke tashi a goshi, amma in na ce su haɗu wuri ɗaya sai su ƙi. Muryar babanki ma, kalmomin suna nan, sautin ne ke dushewa. Ina maimaitawa ina wanke-wanke, sai in ji muryata ce.

Naki hotunan ma duk suna ciki, tun daga ranar sunanki. Na so in ce mu je a ɗauke ki kafin ki tafi, na kasa tunkarar shagon mai hoto. In kin isa ki shiga wani ki tsaya a ɗauke ki, a wanke a takarda, ki aiko mini ta hannun direba. Kada ki ce sai kin sami kayan kirki, kada ki ce gobe.

Ki riƙe salla. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, kin ga abin da rama ke yi wa mutum. Ki gaishe da masu masaukinki, ki ce na gode musu tun kafin in san su. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga ciwo da sharrin hanya, Ya ba ki kunne mai ji tun da wuri. Allah Ya jiƙan babanki da ƙanwarki, Ya sauko mana da ruwa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Kakarki ta aiko daga Droum. Ta ce a gaishe da mai wuyan zalɓe, ta ce in an yi girbi, ko ba a samu komai ba, tana nan tafe ta ga yaron nan ta ji muryarsa. Ban faɗa mata ba tukuna.

Mahaifiyarki,
Hasiya